Kurakuran da masu cutar MS suke yi wajen motsa jiki

Na gaji da ganin waɗanda aka gano musu cutar MS (wato multiple sclerosis) kwanan nan suna faɗawa ramin da na faɗa. A wannan cuta garkuwar jiki ce take cin rigar mayelin da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, sai saƙo ya riƙa maƙalewa a hanya kafin ya kai ƙafa ko hannu. A da likitoci hutu suke cewa a yi. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Utah a 1996 ya nuna motsa jiki yana ƙara ƙarfi, yana rage gajiya. A 2020 ƙungiyar masu MS ta Amurka ta ba da shawarar a kai minti 150 a mako sannu a hankali, kowa daidai ƙarfinsa, har da mai keken guragu.

Kuskuren da ya fi cin raina shi ne rashin sanin abin da zafi yake yi mana. Wata rana ina kan keken motsa jiki, gumi ya karyo, sai idona na hagu ya yi hazo-hazo, ƙafafuna suka yi nauyi kamar an ɗaura musu buhun yashi. Na ɗauka cutar ce ta sake tasowa, ni na jawo ta da kaina. Na ajiye komai har wata biyar. Kafin in farga cinyoyina sun zube, na tashi daga sanda ɗaya na koma ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu. Ashe abin da ya same ni sananne ne tun 1890, lokacin da wani likitan ido Bajamushe, Wilhelm Uhthoff, ya bayyana shi. Idan zafin jiki ya hau ko da rabin digiri ne, jijiyar da ta rasa rigarta sai ta kasa isar da saƙo, in jiki ya huce ta dawo. Tasowar cuta ta gaske takan wuce awa 24 ba tare da zazzaɓi ba, wannan kam sai a nemi likita. Yanzu da sassafe nake motsa jiki, fanka na kaɗa ni, jiƙaƙƙen tawul a wuya, ruwan sanyi a gefe. In iyo ne, ba na shiga ruwan da ya haura digiri 29.

Na biyu kuwa da ku nake, masu ramuwar gayya ranar da jiki ya yi daɗi. Mutum ya tashi da ɗan ƙarfi, sai ya ce yau zai biya bashin sati guda: tafiya, wanki, share ɗaki, duk a wuni ɗaya. Gobe yana kwance, jibi ma haka. Haba! Wa kuke tsere da shi? Gajiyar MS ba ta sallama kafin ta shigo, kuma barcin dare ɗaya ba ya korar ta. Na yi wannan wauta har na faɗi a banɗaki na fasa goshi, domin ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Tun daga nan agogo nake saitawa, minti 10 sau uku a rana, ina tsayawa da sauran ƙarfina. Idan bayan awa biyu ban dawo yadda nake ba, washegari sai in rage. Ina rubuta komai a ɗan littafi, shi nake nuna wa likitan fisiyo, mai kula da motsa gaɓoɓi.

Wasu suna rage shan ruwa don tsoron fitsari, alhali hakan yana ƙara gajiya da ciwon mafitsara. Wasu suna tsallake miƙa tsoka, sai ƙafa ta ƙage. Ni nakan riƙe kowace miƙa daƙiƙa 30. Kada a gwada tsayuwa da ƙafa ɗaya ba tare da teburi ko bango a kusa ba. Mai jin kunyar sanda kuma ya sani ita ce za ta kai shi nesa.

Wanda yake kan keken guragu ya daina cewa babu abin da zai iya. Akwai robar ja ta ƙarfafa hannu da kafaɗa, akwai naushin iska daga zaune, akwai juya ƙugu hagu da dama. Ranar da nake kan keke, nakan sauya zama duk bayan minti 20 don gudun gyambon zama, in ɗaure robar a hannun ƙofa in ja sau goma kowane hannu.