Idan inshora ta karya farashin motarka mai ɗakin kwana a Ingila

Tsohuwar motar da aka mayar da cikinta ɗaki, da gado da murhu da 'yar firji, takan sha ƙwara wajen ƙiyasin farashi. Idan ta yi hatsari, kamfanin inshora kuma ya ce gyaranta ya fi ƙarfin kuɗinta, sau da yawa sai ya yi mata kuɗin motar ɗaukar kaya kawai.

1. Kada ka yi saurin cewa na yarda. Rubuta musu ka nemi bayanin yadda suka yanke farashin. In za ka karɓi kuɗin, ka bayyana a rubuce cewa kafin alƙalami ne.

2. Duba yarjejeniyarku. Ko kun tsayar da farashi tun farko, ko kuwa kuɗinta a kasuwa daf da hatsarin za a biya?

3. Nan aikin yake. Nemo tallace-tallacen irinta a Auto Trader, shafin intanet na sayar da motoci, waɗanda shekarar ƙira ɗaya ce da taka, nisan tafiyar da suka yi kusan ɗaya, kuma waɗanda aka gyara cikinsu kamar taka. Ɗauki hoton kowace talla da kwanan wata, don gobe ana iya cire ta. Haɗa da rasidan kafinta da mai wayarin, da takardun MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, da hotunan cikinta kafin hatsari. Rasidin da ya koɗe ma a ɗauke shi hoto.

4. Shigar da ƙorafi a rubuce ga kamfanin inshorar. Suna da mako 8 su ba da amsar ƙarshe.

5. In ba ta gamsar da kai ba, kai ƙara ga Financial Ombudsman Service, hukumar da ke warware rikici tsakanin mutane da kamfanonin kuɗi, cikin wata 6 daga ranar wasiƙar amsar ƙarshen. Kyauta ne.