Yadda za a yi idan ƙarfe mai radiyeshin ya shigo cikin kayan gwangwan

Abu ne da ba ya wari, ba lallai ya yi zafi a hannu ba, ido kuma ba ya ganin abin da yake fitarwa, wato radiyeshin, wani haske ɓoyayye mai ratsa jiki ya yi masa illa. Shi ya sa masu harkar gwangwan suke cikin waɗanda ya fi yi wa ɓarna. A Samut Prakan ta ƙasar Tailan a 2000 mutum 3 suka rasu bayan an yanka kan injin gasa cutar daji (kansa) mai sinadarin kobalt-60 a wajen 'yan gwangwan, a unguwar Mayapuri ta Delhi kuma mutum ɗaya a 2010. A Najeriya ma akwai irin waɗannan na'urori: a asibitocin kansa, a hannun masu duba waldar bututun mai da iridiyom-192, da masu auna dannuwar ƙasa wajen gina titi.

Alama ta farko ita ce nauyi. Ƙarfe ƙarami, mai siffar gwangwani ko tukunya, amma ya rinjayi sikeli fiye da kima, galibi dalma ce aka lulluɓe wani abu da ita. A duba jikinsa ko akwai alama mai fukafukai uku kamar farfelar fanka, baƙa a kan ruwan ɗorawa. Tun 2007 an ƙara wata ja mai kusurwa uku, da ƙoƙon kai da mutum yana gudu. Tsatsa takan cinye alamar, don haka rashinta ba shaida ba ce.

In an yi zargi, kada a sa masa guduma ko injin yankan ƙarfe, kada a kai shi wuta don narkar da dalmar. Muddin kwanson da ke riƙe da sinadarin bai fashe ba, haɗarin yana nan wuri guda, kuma tazara maganinsa ce: in ka ninka nisa sau biyu, abin da ke isowa jikinka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Wanda ke mita 10 yana samun kashi ɗaya cikin ɗari na wanda ke mita ɗaya. Wanda ya jefa shi a aljihu kuwa, shi ne ke ƙonewa har ƙashi.

Da ya fashe, magana ta canza. A Goyaniya ta Barazil, a Satumban 1987, an ɓalle kwanson siziyom-137 da aka ɗauko daga wani asibitin da aka yi watsi da shi. Garin da ke ciki bai kai giram 100 ba, yana sheƙin shuɗi a duhu, sai aka riƙa gutsurawa 'yan'uwa da maƙwabta suna sha'awa. Gari ne mai narkewa kamar gishiri, ya bi zufar hannu, ya bi tufafi da takalma da abinci. Wata yarinya 'yar shekara 6 ta ci abinci da hannun da ta taɓa shi. Mutum 4 suka rasu, ita ma tana ciki. An auna kusan mutum 112,000, aka sami 249 da gurɓata, aka rushe gidaje.

Saboda haka a bar shi inda yake, a janye kowa. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, ta ba da tazarar farko: mita 30 ta ko'ina in kwanson yana tsirara ko ya lalace, mita 100 in garin ya zube da yawa, mita 300 in akwai gobara ko hayaƙi. A tsaya ta inda iska ke fitowa, a ja igiya, a sa mai gadi a wajen igiyar. Sai a sanar da 'yan sanda da hukumar NNRA, wadda ke kula da irin waɗannan kaya a Najeriya. Masu na'urar awo ne kaɗai za su ce a rage tazarar.

Waɗanda suka taɓa shi kada su watse gidajensu. A tara su gefe guda a rubuta sunan kowa, da tsawon lokacin da ya yi kusa da abin, da wuraren da ya je bayan nan. Su cire rigunan sama a hankali ba tare da kakkaɓewa ba, a zuba a leda a ɗaure; wannan kaɗai yana iya raba mutum da kusan kashi 90 cikin 100 na ƙurar. Sai wanka da sabulu da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ban da soso mai kaushi, domin in fata ta kuje ƙurar ta sami ƙofa. Ba ci, ba sha, ba goro, ba sigari kafin a wanke hannu da fuska. Wanda ya ji mummunan rauni, ceton ransa ne gaba da wanka.

A asibiti a faɗa wa likita ƙarara cewa an taɓa irin wannan ƙarfe, domin amai da gudawa na farko sukan yi kama da gubar abinci, a Goyaniya ma haka aka fara ɗauka. A rubuta lokacin da aman ya fara, don saurin zuwansa na nuna yawan abin da jiki ya sha. Ƙunar fata takan ɗauki kwanaki ko makonni kafin ta bayyana. Kada kowa ya nemi ƙwayar aidin ya sha: ita tana kare tayirod (wata tsoka da ke gaban wuya) ne daga aidin mai radiyeshin kawai, ba ta da tasiri a kan siziyom ko kobalt. Siziyom da ya shiga ciki maganinsa daban ne, likita ke bayarwa bayan an auna.