Sabuwar waya mai babbar fuska: abin da za ka duba a makon farko

Idan ka sayi waya mai fuska inci 6.7 ko 6.8 a Banex da ke Wuse 2, ko a wani shago cikin Kasuwar Wuse, kada ka tashi daga gaban mai shago sai ka gwada fuskar nan da kyau. A irin waɗannan wayoyi ita ce ta fi komai tsada wajen canji, kuma da zarar ka fita ka dawo da ƙorafi, tambayar farko da za a yi maka ita ce ko ta faɗi a hannunka.

Fara da lambar IMEI, wato lambar shaidar da kowace waya ke da tata. Danna *#06# a wajen kira, lamba mai alƙaluma 15 za ta fito, mai layi biyu kuma za ta nuna guda biyu. Gwada ta da wadda ke jikin kwali, sannan ka sa a rubuta ta a rasit, domin da ita za ka nemi garanti. Idan 'yar Landan ce, wato wadda aka riga aka yi amfani da ita a ƙasar waje, a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani a gabanka, ka shigar da asusunka na Google ko iCloud da hannunka. Wayar da asusun tsohon mai ita ya kulle ba ta da maraba da bulo.

Sai gwajin fuska. A yawancin wayoyin Samsung, *#0*# yana buɗe akwatunan gwaji: ja, kore, shuɗi, da na taɓawa. A sauran wayoyi, buɗe hoto fari fat, sai baƙi wuluk, sai ruwan toka, kowanne ya cika fuska. A kan fari kake neman ɗigon da ya mutu da inuwar da ta zauna, kamar shatin madannai ko alamar batir da ta ƙi gushewa, wanda ke faruwa da fuskar AMOLED, irin wadda kowane ɗigonta ke ba da haskensa, idan ta daɗe tana nuna abu ɗaya. Ruwan toka kuwa, rage haske zuwa ƙasa, ka kare wayar da tafin hannu daga fitilun shago. Nan ne dabbare-dabbare da siririn layin kore ke bayyana, waɗanda ba ka ganinsu cikin haske mai ƙarfi. Daga nan ɗora yatsa a kan alamar wata manhaja har ta ɗago, ka ja ta a hankali lungu-lungu, sama da ƙasa da gefuna. Duk inda ta kuɓuce maka alhali ba ka ɗaga yatsa ba, wurin ba ya jin taɓi. Maimaita sau biyu kafin ka yanke hukunci.

Gilashin kariya a sa shi ranar da aka saya, amma ba a bakin titi ba, musamman lokacin hunturu. Ƙwayar ƙura ɗaya ta shiga ƙarƙashi, za ta bar kumfar da ba ta fita komai gugar da aka yi. A goge fuskar da ƙyallen nan mai danshi da ke cikin fakitin, a busar da busasshen, a tsince ragowar ƙura da sitika, a kashe fanka, sannan a ɗora. Idan fuskar mai lanƙwasa ce a gefe, gilashi miƙaƙƙe ba zai kama ba; sai mai ruwan gam da ake busarwa da 'yar fitila, kuma a toshe ramin sifika kafin a zuba gam ɗin. Wayar da ke karanta zanen yatsa a cikin fuska tana son gilashin da aka yi dominta. Bayan an manna, goge tsohon zanen ka sake ɗaukar sabo, in ba haka ba za ka yi ta dannawa tana ƙi. Rigar waya kuma ta zama mai leɓe da ya ɗan fi fuskar tudu, da kusurwoyi masu kauri, don a kusurwa gilashi ya fi tsagewa.

Batun batir ne ya fi tayar wa mutane hankali. Kwana biyu ko uku na farko caji yana zuba da sauri, wayar har ta ɗan yi ɗumi, saboda tana sauke manhajoji, tana dawo da saƙonnin WhatsApp, tana jera hotuna. Kada ka yi mata hukunci sai bayan kwana huɗu ko biyar. Idan har lokacin batir mai 5000mAh ba ya kai ka magariba da aiki matsakaici, duba fuskar, ita ce babbar mai cin wuta. Mayar da saurin motsinta daga 120Hz zuwa 60Hz, ko ka bar ta tana canzawa da kanta, ka rage lokacin da take ɗauka kafin ta mutu zuwa daƙiƙa 30. Baƙin shafi, wato saitin da ke mayar da bangon fuska baƙi, yana rage cin batir a AMOLED, domin ɗigon da ke nuna baƙi a kashe yake. A fuskar LCD ba ya rage komai, fitilar bayanta a kunne take ko da yaushe.

Zancen a yi wa sabuwar waya cajin awa takwas tsohon yayi ne, batirin litiyam ba ya buƙatarsa. Abin da ke kashe shi zafi ne. Apple ya ce a yi amfani da iPhone a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, alhali ranar Abuja a Maris da Afrilu tana haura hakan. Waya a maƙale jikin gilashin mota, taswira a buɗe, caja a jone, rana na dukanta a hanyar Kubwa, wannan zafi uku ne a haɗe. Za ka ga ta rage haske da kanta ko ta daina karɓar caji. Sauke ta inuwa, ka cire rigar ta huce. Idan tana da saitin tsayar da caji a kashi 80 ko 85, kunna shi.

Manyan wayoyin Samsung da iPhone yanzu ba sa zuwa da kan caja, kebul kawai. Sayi wanda ya dace da watt ɗin wayar, kuma na Samsung ya zama an rubuta PPS a jikinsa, in ba haka ba cajin ba zai kai cikakken saurinsa ba. Tecno da Infinix galibi da cajarsu suke zuwa, a riƙe ta, da ita suke kaiwa cikakken saurinsu. Idan ka jona caja ka ga fuska tana danna kanta, cajar ce ba ta da kyau, cire ta nan take.

Riƙo ma sai an koya. Wayoyin nan da yawa sun haura giram 200, kuma babban yatsa ba ya kaiwa saman fuska. Miƙa shi da ƙarfi shi ne ke sa waya ta sulluɓe. Kunna yanayin hannu ɗaya, wanda Android ke da shi tun siga ta 12, sai ka ja ƙasan fuska saman ya sauko. Madannan rubutu na Google, Gboard, ma ana matso da su gefe guda. Aljihun ƙirji na kaftani ba wurinta ba ne: rabinta a waje yake, kana sunkuyawa alwala ko ruku'u sai ka ji ta a kan tayil. Aljihun gefe ya fi, fuskar tana kallon cinya, ba tare da makullai ba. Aljihun baya kuwa, zama ɗaya a kujerar tasi mai cunkoso yana iya lanƙwasa ta.