Yadda ake duba jin daɗin majinyaci gaba ɗaya, ba ciwo kaɗai ba

Ɗaliban nas da yawa da nake gani a wod, da zarar sun ba mara lafiya maganin ciwo sun rubuta a fayil toh shikenan a wajensu aiki ya ƙare, alhali mutumin yana nan kwance ido biyu har asuba. Wannan giɓin ne Katharine Kolcaba, wata nas 'yar Amurka da ta koyar a Jami'ar Akron, ta zauna ta yi wa tsari a 1994 bayan ta yi aiki da tsofaffi masu cutar mantuwa waɗanda ba sa iya faɗin abin da ke damunsu. Ta ce wuri huɗu za a duba: jikin majinyaci, zuciyarsa da ruhinsa, wurin da yake kwance, sai alaƙarsa da iyali da sauran mutane.

Matakin farko shi ne tambaya, kuma nan ne kusan kowa yake faɗuwa. Kar ka tsaya a ƙafar gado da fayil a hannu ka ce ya jiki, da sauƙi zai ce maka ko da yana cije haƙori. Ja labule, jawo kujera ka zauna, sannan ka tambayi ciwon da ma'auni daga 0 (ba ciwo) zuwa 10 (ciwo mafi tsanani). Ya ba ka lamba, kar ka miƙe tukuna. Ce masa "Baba, me ya hana ku barci jiya?" ka yi shiru ka jira, shirun nan shi ne yake gagarar ɗalibai, sai ka ga sun cike shi da surutunsu. Gaskiya ni a wajena babu tambayar da ta kai wannan, don sau da yawa amsar ba ciwo ba ce, fitilar da ke saman kansa ce, ko sanyi, ko fitsari ya matse shi yana kunyar neman fo a gaban mutane, ko tiyatar gobe ce ba wanda ya zauna ya yi masa bayaninta, ko tunanin yaran da ya baro a gida. Wanda ba ya iya magana kuma sai ka karanci fuskarsa, numfashinsa, nishi da yadda yake ƙanƙame jiki in an taɓa shi.

Na biyu, ka rarrabe me za ka iya ba shi. Kolcaba ta kasa jin daɗi uku: biyan buƙatar da ta taso kamar kawar da amai, samun natsuwa, sai kuma ƙarfin daurewa a kan abin da ba zai gushe ba. Wanda zai fara takawa bayan tiyata dole zai ji zafi, kar ka yi masa ƙaryar ba zafi, faɗa masa abin da zai ji ka riƙe shi ku taka tare.

Sauran aikin yawancinsa ko kwabo ba ya ci. Gyara filo, miƙe zanin gado, jiƙa masa baki in ya bushe, wanda ba ya iya motsi a juya shi duk awa 2 saboda gyambon kwanciya. Ku rage murya a aikin dare don Allah, Hukumar Lafiya ta Duniya ma desibel 30 (ma'aunin ƙarfin sauti ke nan) ta ba da shawara a ɗakin majinyata, hirar teburin nas kaɗai ta wuce haka. In yana son wani nasa kusa ko lokacin ibada, nema masa hanya.

Sai ka dawo bayan minti 30 zuwa awa 1 da shan magani ka sake tambaya da ma'auni ɗaya, ka rubuta abin da ya yi aiki, har da maganar fitilar, ka faɗa wa wanda zai karɓe ka.