Kurakuran da aka fi yi wajen koyon zanen jikin mutum irin na Ingila

Duk mai son zane in ya ga aikin ɗaliban makarantar zane ta Royal Academy da ke Landan na ƙarni na 19 sai ya ji shi ma yana so ya gwada, amma yawanci tun a minti goman farko ake ɓata abin. Mutum ya fara da ido da hanci, ya ɓata awa guda yana gyaran fuska, ya sauko ƙasa ya tarar ƙafa ba ta da wuri a takardar. Su can ba a barin ɗalibi ya zauna gaban mutum mai rai sai ya daɗe yana zana mutum-mutumin filasta irin na Girkawa da Romawa. To kai ma sa alamar ƙoƙon kai da tafin ƙafa tukuna, sannan ka miƙe hannu da fensir, ka rufe ido ɗaya, ka auna kai sau nawa ya shiga tsayin jiki, galibi bakwai da rabi ne.

Wani kuskuren kuma, sai ka ga mutumin da ka zana kamar zai kife. Ɗaura ɗan ƙarfe a zare ka sake shi ya yi lilo ya tsaya, za ka ga ramin wuya yana saitin ƙafar da ke ɗauke da nauyi, ƙugu ya ɗaga ta wannan gefen, kafaɗa kuma ta sauka.

Wanda ya fi damuna shi ne gaggawar inuwa. Ana ta goga gawayi har fata ta yi sumul alhali ba ƙashi a ƙarƙashi, gwiwa kamar curin tuwo. Wannan ciwon su ma sun yi fama da shi, ɗalibi sai ya yi makonni yana lailaya zane ɗaya, shi ya sa da aka buɗe makarantar zane ta Slade a Landan a 1871, babban malaminta na farko Edward Poynter, da Alphonse Legros da ya gaje shi a 1876, suka fi matsa wa layi da tsarin jiki. Henry Tonks ma da ya koyar a can daga baya likitan tiyata ne. Nemi hoton ƙwarangwal ka ajiye kusa, ka gano haƙarƙari da ƙashin ƙugu kafin ka taɓa inuwa.

Tufafi ma haka, kar ka zana riga ba jiki a ciki. Frederic Leighton, shahararren mai zane na Ingila, jikin yake fara zanawa, sannan ya yi nazarin naɗin yadin da alli baƙi da fari a takarda mai ruwan ƙasa, farin kuma kaɗan yake sawa, inda haske ya fi bugawa kawai.