Darasi na Bakwai: Raba Shara Tun Daga Tsakar Gida

Kafin a fara karatu, kowa ya tuna abin da aka share a gidansa yau da safe. Akwai toka, da ɓawon albasa, da kashin awaki, da ledar fiya wata, wataƙila har da gwangwanin tumatir da tsinkakken silifa. Duk a kwando ɗaya ake tarawa, a ba yaro ya kai bola. To, a nan asarar take. Manomi na son tokar da kashin awakin. Ɗan gwangwan na sayen gwangwanin da silifan. Amma da zarar an cakuɗa su, ƙuda ne kaɗai zai amfana.

Saboda haka a tanadi mazubi uku. Ba sai an sayi sabo ba, tsohon bokiti da buhu da fasasshiyar roba sun isa. Ɗaya na abin da yake ruɓewa, ɗaya na abin sayarwa, na ukun kuma shi kaɗai za a kai bola.

Abin da yake ruɓewa

Tun zamanin kakanni, manoman kewayen birnin Kano suke shigo da itace a kan jaki, su koma da mangala cike da taki. Da wannan takin gonakinsu suke ba da amfani shekara da shekaru ba tare da an bar su sun huta ba. Abin da ya ɓata takin bola a yau shi ne leda da fasasshiyar kwalba da tsohon batir. Gara mutum ya haɗa nasa.

Haƙa rami a inuwa, nesa da rijiya, zurfinsa ya kai gwiwa. Shimfiɗa kara ko busasshen ganye a ƙasa. Zuba ɓawo da ragowar ganyen miya da kashin dabbobi, ka barbaɗa toka kaɗan, ka rufe da ƙasa. Haka za ka riƙa yi har ramin ya cika. Yayyafa ruwa, amma danshi ake so, ba caɓi ba. Ruwan wankin shinkafa yana yi, ban da ruwan omo. Duk mako biyu a juya shi da shebur don iska ta shiga. In ka sa hannu ka ji ɗumi, aiki na tafiya. In wari ya tashi, ruwa ya yi yawa, sai a ƙara busasshen ganye. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi laushi, warin ya tafi. Kada a zuba nama ko ƙashi ko mai, suna jawo ɓera da karnuka. Mai awaki kuwa ya fara ba su ɓawon doya da na kankana, abin da suka bari shi ne na rami.

Abin sayarwa

Ƙarfe da alminiyam da tagulla da roba da kwali duk suna da masu saye, kuma yawanci a sikeli ake aunawa. Gwangwanin lemo maƙera ke narkarwa su zuba tukunya. Roba kuma a niƙa ta a sake yin bokiti da buta. Kada ka sayar a haɗe, don za a biya ka da kuɗin mafi arha. Nemi maganaɗisu, ko na tsohuwar rediyo ne. Abin da ya kama ƙarfe ne, gwangwanin da bai kama ba alminiyam ne, kuma ya fi ƙarfe tsada. Ka tara ya yi yawa kafin ka kira mai saye.

Leda

Baƙar leda ita ce mai wuyar sha'ani. Ba ta ruɓewa, akuya ta ci ta rame har ta mutu (tambayi mahauci abin da yake cirowa daga tumbi). Ta toshe kwata, ruwa ya kwanta, sauro ya hayayyafa, damina ta zo ruwa ya shiga gidaje. Ƙona ta ma ba magani ba ne, hayaƙinta na cutar da ƙirji, musamman na yara da masu asma. Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya a 2017. Nijar ma ta yi doka a 2014, amma har yau ana ƙulla kaya a leda a kasuwanninta. A ganina, jakar cefane ta fi saurin aiki. A je kasuwa da ita, a sayo mai a kwalba, a sayo koko a kwano.

A wurin sana'a

Tela ya tara ƙyallaye a yi matashin kai. Kafinta ya sayar wa masu kaji dusar katako. A ofis a yi rubutu a bayan takarda kafin a yar. Bakanike ya tara baƙin mai a jarka, kada ya zuba a kwata. Batirin mota kuwa dalma ce a ciki, gubar da ta kashe yara wajen 400 a Zamfara a 2010, lokacin da ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Kada a fasa shi a gida, kada a bar yara su yi wasa da shi. A kai wa masu saye yadda yake.

Aikin aji

1. Rubuta abu biyar da aka share a gidanku yau, ka faɗi mazubin da kowanne zai shiga.
2. Me ya sa ba a zuba nama a ramin taki?
3. A ce gida na karɓar leda 6 kullum. Leda nawa ke nan a kwana 30?
4. Mako mai zuwa kowa ya zo da gwangwani biyu, malam zai kawo maganaɗisu a gwada.