Jan launin da ake samu daga ƙwaro: kurakuran da muke yi a kansa

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Ni dai kayan kwalliya nake sayarwa nan Kumasi, jan baki da hoda da man shafawa, kuma tunda muryar nan ta fara yawo a WhatsApp cewa wai da jinin ƙwaro ake yin jan baki ban huta ba, kullum sai an zo min shago da tambaya, har wata Hajiya daga Aboabo ta kwaso nata guda shida a leda tace ita ta fasa, in karɓa in zubar. Da muka zauna muka duba bayansu, guda ɗaya ne kawai yake da launin ƙwaron. Abun ya dame ni wallahi, don tsoron nata na addini ne kuma tana da gaskiyar ta tambaya, bayanin da ya iso mata ne bai cika ba.

Maganar ƙwaron dai gaskiya ce, kar wani yace miki ƙarya ne. A takarda ana rubuta sunansa cochineal, girmansa kamar ƙwayar dawa, yana manne a jikin wani tsiro mai ƙaya a can Meziko da Peru yana tsotsar ruwansa, jikinsa lulluɓe da wani farin abu kamar auduga. Matan ƙwarin ake kankarewa a busar a niƙa a dafa, a haɗa da sinadarin alam, sai jan ya fito, shi ake kira carmine. Sai an tara wajen ƙwari 70,000 kafin a samu laba ɗaya, ƙasa da rabin kilo kenan. Mutanen can sun daɗe suna rina tufa da shi tun kafin Turawan Sifen su iso musu a ƙarni na 16, su kuma suka dinga loda shi a jirgin ruwa zuwa Turai suna samun kuɗi mai yawa. Yau Peru ce ta fi kowa samar da shi.

Kuskuren farko shi ne cewa jini ne. Ba jini bane irin namu ko na akuya, wani sinadari ne da ƙwaron ke tarawa a jikinsa don kare kansa daga masu cinsa irin su tururuwa. Wannan bambancin ba ƙarami bane, saboda a fiƙihu hukuncin abun da yake da jini mai gudana daban, wanda ba shi da shi daban.

Na biyu, kuma shi ya fi yawa, shi ne ɗaukar duk wani jan abu a matsayin na ƙwaro. Haba dai. Jan waakye ɗinmu, wato shinkafa da wake, karan dafi ne, ganyen jar dawa, wanda dukawa suka daɗe suna rina fata da shi. Jan sobolo furen zoɓo ne, lalle ganye ne. Kuma ki sani carmine tsada gare shi, mai yin alewar sidi ɗaya ko jan baki mai araha da ake zubawa a faranti a kasuwar Kejetia da wuya ya saye shi, yawanci launin masana'anta suke sawa wanda ake haɗawa daga sinadaran man fetur. Inda aka fi samunsa shi ne jan baki da hodar kumatu da kwalliyar ido masu ɗan tsada, sai wasu yogot mai ɗanɗanon sitiroberi da askirim da sosej da alewar waje.

Toh yanzu karatun bayan kwali, nan ne nake so mu daɗe don nan ake ruɗewa sosai. In kin ga carmine ko cochineal ko carminic acid ko Natural Red 4 ko E120, shi ne. A kayan kwalliya kuwa sau da yawa ba za su rubuta suna ba, lamba ce kawai can ƙarshen jerin, CI 75470, ki haddace ta kamar lambar wayarki. Amma akwai masu kama da shi da ba shi bane. E124 wani lokaci ana kiransa Cochineal Red A, sunan ƙwaron ne a jiki amma babu ƙwaro ko ɗaya a ciki, na masana'anta ne, jan ne kawai ya yi kama. E122 sunansa carmoisine, shima ba shi bane. E129 ko Red 40 na masana'anta ne, E162 kuma daga jan tushen bitirut yake. Sannan don Allah a daina tura saƙon nan mai cewa duk lambar da ta fara da E alade ne, harafin alama ce ta cewa Tarayyar Turai ta yi wa sinadarin rajista, E120 kam babu ruwansa da alade.

Sai batun halal da haram, inda kowa ya zama mufti. Gaskiyar magana malamai sun saɓa. Majalisar malaman Indunusiya ta fitar da fatawa a 2011 cewa halal ne matuƙar ba ya cutarwa, wasu malaman kuma musamman na Hanafiyya sun hana cin ƙwari in banda fara. A Malikiyyar da yawancinmu muka tashi a kai a Zango, ƙwaron da ba shi da jini mai gudana ba najasa bane. Ni ba malama bace, abun da nake cewa kawai in za ki je wajen malam ki kai masa cikakken bayani, kice ƙwaro ne marar jini mai gudana, an busar an tace launin, kuma ki faɗa masa ci za ki yi ko shafawa, jan baki kuma yana shiga baki. In kika ce masa jinin ƙwaro ne toh amsar wata tambayar daban zai ba ki.

Akwai kuma masu cewa ai tunda daga halitta yake ba zai cutar ba. Yawancin mutane lafiya lau suke amfani da shi, amma wasu jikinsu baya ɗauka, leɓe ya kumbura, ƙaiƙayi, wani har numfashi ya sarƙe, shi yasa a Amurka tun 2011 dole a rubuta sunansa ƙarara a jikin kaya. In kin shafa kin ga haka ki wanke ki daina, in numfashi ne kuwa asibiti kai tsaye, ki tafi da kwalin.

Abun da ya fi ci min rai shi ne muna ta faɗa kan ƙwaro mun bar jan da yake da haɗari na gaske. A 2015 hukumar abinci da magunguna ta Ghana ta gano ana zuba wa manja wani rini mai suna Sudan IV a kasuwannin Accra don ya ƙara ja, rinin da ake sa wa man takalmi da roba, an hana shi a abinci saboda ana tsoron yana jawo cutar daji. Wannan babu lamba babu kwali, a galan ake auna mana. Ki riƙe mai manja ɗaya da kika yarda da ita, kar jan ya ruɗe ki. Haka masu yin kek da askirim na leda, ku daina sayen kalar da aka ƙulla a farar leda babu suna, ku ce a nuna muku gwangwanin da aka ɗebo ta.

Ni a shagona yanzu na ware masu CI 75470 a kanta ɗaya na manna takarda, mai so ta ɗauka da saninta. Hajiya kuwa ta koma gida da biyar ɗinta, na shidan ta bar min shi tace sai ta ji daga bakin malaminsu ranar Asabar.